Benci Mai Ɗumi A Tashar Da Babu Mota

Jama'a, a tsaye nake rubuta muku wannan, domin wandon da ke jikina ba nawa ba ne, kuma bayansa ya yi jawur kamar na biri. Wandon kwat ne na Yaya Bongsik, direban bas mai lamba tara. Da safe ya miƙo mini shi da hannu biyu, ya ce in kula masa da shi kamar ƙwai, don da shi zai tsaya a bikin 'yarsa wata mai zuwa. Ga shi kafin azahar na zauna a kan ɗanyen barkono da shi. An ce kayan aro ba ya rufe katara. Nawa ya rufe, sai dai ya tona asirin abin da ke baya.

Za ku ce me ya haɗa mai wankin bas da kwat a tsakiyar mako. To, yau ni babban baƙo ne. An sa mini farar safar hannu, an miƙo mini almakashi mai ruwan zinariya a kan faranti, an tsayar da ni sahu ɗaya da masu tumbi, har wani mai kyamara ya roƙe ni in ɗan matsa kada inuwata ta faɗa wa Mai Girma. Wannan daraja kuwa da kuɗina na saye ta, kuma a duk kamfaninmu ni kaɗai ne zan faɗi haka ban yi ƙarya ba. Bari in warware muku zare da abawa.

Waɗanda suka saba karanta surutuna sun san ni da makaranta mun rabu tun ban gama sakandare ba, ba faɗa, ba gaba, kujera ce dai ba ta ƙaunata. Na kai soyayyun kaji gida-gida a kan babur, na yi dako a kasuwar kifi, na taɓa masana'antar kwali na gudu tun ba a koya mini kashe injin ba. Kakata ta ce ƙaya ce a mazaunina. Bara waccan na samu wankin bas a kamfanin motocin garinmu, kwantiragin shekara-shekara, kuma abin mamaki na zauna. Abin da ya zaunar da ni lamba tara ce. Ita kaɗai ce motar da ke hawa tsauni zuwa Solmae, ƙauyen da Kaka ta raine ni, inda yanzu ba kowa sai tsofaffin mata da karnukansu. A cikinta Kaka take saukowa da ganyen daji da busasshen barkono ranar kasuwa, a cikinta take zuwa a yi wa gwiwoyinta allura. In babu tara, ko dai ta maƙale a tsauni da ciwonta, ko ta sauko ɗakina na haya, wanda ko ni sai na karkace nake juyawa a ciki. Ita kuwa ta sha faɗa cewa gawarta ce kawai za ta bar Solmae, ita ma sai an ja.

Wata safiya bara, ana dab da zaɓen kansiloli, mun gama motsa jikin safe a filin gareji ke nan, sai Manaja Pyo ya hau kan akwatin lemo ya gyara murya. Ya fara da cewa mu duka iyali ɗaya ne. Ku riƙe wannan daga gare ni: duk ranar da manaja ya kira ku iyali, ku taɓa aljihu ku ji ko yana nan.

Ya ce ƙasa ba ta ci gaba sai da siyasa mai tsafta, siyasa mai tsafta kuwa ba ta samuwa sai da gudummawar talaka. Don haka yana ba kowane ɗan gida shawara, shawara kawai, ya tura dubu ɗari na kuɗinmu, won, zuwa asusun wani ɗan takara. Ya ce ba dole ba ne. Ya yi ta nanata cewa ba dole ba ne har sai da mafi daƙiƙanci a cikinmu ya gane dole ne. Sannan ya ƙara da cewa duk wanda ya tura, ya aiko masa da hoton rasit ta waya, ba don komai ba sai don ya yi masa godiya da bakinsa.

Ga waɗanda ba su taɓa cin albashin kamfani ba, ga yadda dabarar take. Doka ta hana kamfani ba ɗan siyasa ko sisi. Doka ce mai hankali, ina cire mata hula. Amma ta yarda mutum ya bayar a ƙashin kansa, har ta yi alkawarin cewa wanda ya ba da dubu ɗari za a mayar masa idan an zo lissafin harajin ƙarshen shekara. Ka ga kamfani bai bayar ba, ma'aikaci bai yi asara ba, ɗan takara kuwa ya cika buhu. Na tambayi Yaya Bongsik, to wa ya biya ke nan? Ya tofar da tsinken sakace ya ce, "Baitulmali. Wato ni da kai, amma ta ƙofar baya, don kada mu ji zafi."

Kamfaninmu kuma ba yaro ba ne, sai ya raba ƙafa. Direbobi su tura wa Mai Girma Uban Alkawari, makanikai da sauran tarkacenmu mu tura wa Mai Girma Sarkin Sunkuyo. Duk wanda ya ci, kamfani ya ci. Yaya Bongsik ya faɗa ɓangaren mutumin da ya fi tsana tun yana saurayi. Ina kallonsa yana danna wayar yana zaginta, kamar ita ta tsaya takara.

Ni kam murna na yi, don rabona ya faɗa kan gwanina. Ai kun san Sarkin Sunkuyo, ko ba wannan ba kun san ɗan'uwansa a garinku. Shi ne mai tsayawa a shataletale tun sassafe yana lanƙwashewa biyu ga kowace mota. Ya sunkuya wa motar shara, ya sunkuya wa motar gawa, ya taɓa sunkuya wa wata bas da ake ja zuwa gareji ba kowa a ciki. Wannan bawan Allah ya hau har Solmae, ya shiga zauren da tsofaffi ke taruwa, ya cire takalmi, ya kai goshi ƙasa a gabansu kamar yadda muke gaida manya ranar sabuwar shekara. Kaka ta yago masa kimchi, jiƙaƙƙen kabejin nan namu mai yaji, da hannunta ta sa masa a baki, ya ci yana hawaye, ban sani ba ko ƙauna ce ko yaji. Sannan ya dafa ƙirji ya ce, "Iyayena, muddin ina numfashi, lamba tara ba za ta daina hawa tsaunin nan ba." Bayan ya tafi Kaka ta ce ta yarda da shi, don fatar kunnuwansa mai kauri ce, irin ta mutanen arziki.

Saboda haka ni na fara turawa a duk garejin. Na ce kuɗi ne da zai dawo, ga shi kuma zai tsare wa Kaka motarta. Wa ya taɓa ganin sadaka mai juyowa gida da ƙafarta?

Gwanina ya ci zaɓe. Aka sha kiɗa, ya zagaya gari a buɗaɗɗiyar mota yana sunkuyo, daga nan bayansa ya miƙe, bai ƙara lanƙwasawa ba. Likitoci su bincika, ina jin akwai maganin ciwon baya a cikin akwatin zaɓe.

Da sanyi ya yi tsanani, lokacin abin da muke kira albashin wata na sha uku ya zo, wato ranar da ake mayar wa ma'aikaci rarar harajinsa. Gareji ya kaure da fara'a, kowa yana duba waya yana murmushi, ana shirin inda za a je cin gasasshen nama. Na duba tawa, shiru. Na kashe na kunna, shiru. Na hau bene wurin Malama Yeom, akawun albashi, na ce mata ina jin an manta da ni. Ta juyo mini da allon kwamfutarta, ta nuna wani gurbi da bakin biro.

"Yongtae, abin da ake mayarwa daga harajin da mutum ya biya ake cirowa. Kai albashinka bai kai a cire masa haraji ba. Me za a mayar maka?"

Na tsaya na juya maganar a kaina. Na ce mata wato mai shi ake mayar wa, marar shi kuwa ya bayar ke nan har abada? Ta ce ba ita ta rubuta dokar ba, kuma in ja mata ƙofa sanyi yana shigowa. Na tambaya ko akwai wani irina. Ta ce babu, don sauran masu wankin bas ɗin duk tsofaffin mata ne da wani ɗan kwangila ya kawo daga waje, ba a lissafa su cikin iyali.

Kafin in sauko labari ya riga ni isa ɗakin cin abinci. Ina shiga Yaya Bongsik ya buga cokali a kwano, ya ce kowa ya miƙe ya gaida mutum ɗaya tilo da ya ba da kyautar gaskiya a tarihin kamfanin nan. Suka miƙe kuwa, manyan banza, suka sunkuya mini da shinkafa a baki. Tun ranar ba mai kirana sai da Attajiri. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Da a nan abin ya tsaya da na haƙura, dubu ɗari ba ta kashe saurayi. Amma ana wata sai ga wata. Da ƙanƙara ta fara narkewa, ina tsugune ina goge tayar tara, Yaya Bongsik ya zo ya tsaya a kaina ya ce in daina wahalar da kaina, motar kwananta ya kusa ƙarewa. Kamfani ya daɗe yana so a yarje masa ya yar da hanyoyin tsauni da ba sa kawo riba, tallafin da gari ke ba shi kuwa a bar masa yadda yake. Kwamitin da zai sa hannu kuma, wa kuke tsammani aka ba shugabancinsa?

Na ce ba zai yiwu ba, mutumin nan a gabana ya rantse.

"Ƙanena," in ji shi, "kana tsammanin soyayya ce ta sa kamfani ya tara masa kuɗi? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ya yi wa kakarka alkawari, ya yi wa kamfani alkawari. Bambancin, kamfani ya ajiye rasit."

Wato kuɗin da na tura don a tsare motar Kaka, shi ne kuɗin wuƙar da za a yanka ta. Sauran sun tura na baitulmali, ni na tura gumina na gaske. Na ce ai kuwa in akwai mai haƙƙin magana a kan cinikin nan, ni ne. Zuwa da kai ya fi saƙo. Ranar hutuna na wanke fuska na nufi ofishin Mai Girma.

Ban same shi ba. Wai ya tafi ƙasar waje da 'yan kwamitinsa su koyo yadda ake tafiyar da motocin ƙauye. Na ga hotunan da suka turo, duk a bakin teku, ina jin can motocin ƙauye a ruwa suke tafiya. Wanda na tarar shi ne Ɗan Riƙe Jakarsa, wani matashi mai sheƙin gashi, wanda ya turo mini 'yar kwalbar maganin gajiya irin wadda ake ba kowane baƙo, bai ko ɗago daga wayarsa ba. Ya tambayi wanda ke magana. Ni kuwa da zuciya ɗaya na ce ina cikin ma'aikatan kamfanin bas da manaja ya umarta su tura wa Mai Girma gudummawa.

Wayar ta sauka a tebur a hankali. Ya miƙe ya rufe ƙofa. Ya janye 'yar kwalbar, ya sa aka kawo mini shayi a kofin tangaran mai marfi. Ya zauna dab da ni, ya ce cikin taushin murya, "Umarta kuma? Ai kowa da son ransa ya bayar." Na ce haka ne, dukkanmu da son ranmu muka bayar, da safiya ɗaya, adadi ɗaya, daga fili ɗaya. Ya yi dariyar da ba ta kai ido ba. Ya ciro ɗan littafi da biro ya ce, "Me za mu yi maka?"

Jama'a, a wannan lokacin wuyan kura yana hannuna, ni ne ban sani ba. Da na ce a bar lamba tara, kalma huɗu, da yanzu wani labarin nake ba ku. Amma Kaka ce ta raine ni, ita kuwa ta koya mini cewa ba a shiga gidan manya a faɗi buƙata tsirara. Sai ka tambayi lafiya, ka taɓa maganar yanayi, ka kewaya ta bayan gida, sannan ka ajiye buƙatarka a bakin ƙofa kamar ba taka ba. Don haka na fara da sanyi. Na ba shi labarin yadda iska ke kaɗawa a tashar Solmae, ba rumfa ba wurin zama, yadda tsofaffi ke tsayawa da ƙunshin kaya suna rawar ɗari, gwiwoyi suna ƙara. Nufina in gangaro in ce, to in jiran mota ya kai haka wuya, ina ga babu motar gaba ɗaya?

Ban kai gangaren ba. Ya rufe littafi, ya miƙe, ya kama hannuna da hannu biyu, ya sunkuya har na ga tsakar kansa. "Na fahimta sarai. Iyayenmu na Solmae ba za su ƙara jin sanyi a tashar nan ba. Ka ɗauka an gama."

A wurinmu in na sama ya miƙe, magana ta ƙare. Ka ci gaba da zama, ka zama marar tarbiyya. Kafin in haɗiye yawu na tsinci kaina a bakin titi rungume da kwali guda na maganin gajiya.

A hanya na yi wa kaina lissafin da ya kwantar mini da hankali. Na ce wane mahaukaci ne zai gyara tasha don motar da zai kashe? Na hau tara na je na gaya wa Kaka an gama. Ta yanka mini kaza, ta dafa da tafarnuwa, ta bi gida-gida tana shelar cewa jikanta da bai gama makaranta ba ya je ya yi magana da gwamnati, gwamnati kuma ta miƙe tsaye ta sunkuya masa. A makon nan kuma Manaja Pyo ya kira ni ofis, ya ce kamfani ya lura da ƙwazona, an mai da ni ma'aikacin dindindin. Ya daina ce mini "kai yaro", ya koyi sunana. Ni kuwa na ce lallai gaskiya tana da rana.

Aka fara gini. Ba a taɓa ganin aikin hukuma mai sauri irin wannan ba, gadar da ke ƙasan tsaunin tun ina firamare ake auna ta. Aka kafa rumfar gilashi, aka ɗora faifan hasken rana a rufi, aka liƙa allon lantarki mai gaya maka lokacin da mota za ta iso. Uwa uba aka dasa benci mai ɗumi, irin wanda in ka zauna wuta ke gasa ka ta ƙasa a hankali. Aka manna farantin tagulla mai sunan Mai Girma da haruffan da suka fi na sunan ƙauyen girma. Yaya Bongsik ya zagaya ginin ya ce kuɗin da aka zuba a nan zai sha wa tara mai har ya yi ritaya. Goggo Malsun, maƙwabciyar Kaka, ta leƙa ciki ta ce ya fi ɗakinta kyau, ta tambaya ko ana ba da haya.

Sai ga katin gayyata, da sunana a jiki, wai wakilin matasa masu kishin gari. Abin da ya kai ni aron kwat ke nan.

Jiya na wanke tara ciki da waje har tana ɗaukar ido, aka ɗaura mata furanni a goshi kamar amarya. Yau da safe Yaya Bongsik ya hau da mu, fuska a murtuke duk hanya, ni kuwa na ɗauka kishin kwat ɗinsa yake yi. Muka tarar da tsofaffin Solmae sun yi layi cikin kayan fita kunya, kowace ta dafa tsohon keken jariran da take turawa maimakon sanda. Baƙaƙen motoci suka iso. Mai Girma Sarkin Sunkuyo ya fito ya yi ƙiba, kunnuwan nan sun ƙara kauri.

Ya yi jawabi mai tsawo. Ya yabi iyaye mata, ya yabi tsauni, ya yabi hasken rana. Can wajen ƙarshe, lokacin da ƙafafu suka gaji kunnuwa suka toshe, sai ya ce yana farin cikin sanar da shigowar sabon zamani. Daga farkon wata, iyayenmu sun huta da jiran bas. Duk mai son sauka gari sai ya buɗe manhaja a wayarsa tun ana gobe, ya danna, in an samu isassun masu dannawa, wata 'yar ƙaramar mota za ta zo. Masu kwat suka tafa. Goggo Malsun ma ta tafa don ta ga ana yi, sannan ta jawo hannun rigata ta ce me ya ce? Wayar Kaka irin mai marfin nan ce, abu biyu ta sani a jikinta, inda ake danna ni da inda ake danna asibiti.

Kaka ba ta tambayi kowa ba, ta ji da kunnenta. Sai na ga ta turo kekenta a hankali, tayar tana kuka, ta ratsa tsakanin masu kwat har gaban Mai Girma. Ya washe baki ya ɗan rage tsawo, don mai kyamara ya matso. Ta ɗaga tafin hannunta ta kara a ƙarƙashin hancinsa.

"Tsaya, ɗana, in ji."

Iskar hancinsa ta taɓa tafin. Sannan ta juya wajen sauran tsofaffin.

"Yana numfashi," ta ce. "Na ɗauka ya rasu ne ba a aiko mana ba."

Mai Girma ya dubi Ɗan Riƙe Jaka, Ɗan Riƙe Jaka ya dubi takalminsa. Daga nan sai tsohuwar sana'a ta motsa, Mai Girma ya lanƙwashe biyu a gaban Kaka, ya daɗe a haka. Amsar ke nan. Ɗan Riƙe Jaka ya ce Kaka akwai barkwanci, aka yi dariya a tsorace, mai kyamara ya ɗauka. Gobe in kun ga hoton wata tsohuwa tana shafa fuskar shugabanta don ƙauna, ku gaishe ta, kakata ce.

Ana jera mu a bayan jan ƙyallen da za a yanka na matsa kusa da Yaya Bongsik, na ce masa cikin raɗa yau zan fasa ƙwai, zan je in faɗi yadda aka tara kuɗin nan a gaban duk wanda ya kamata. Bai ko dube ni ba. Ya ce, "Sunan wa ke jikin rasit, na kamfani ko naka? Manaja ya ce ba dole, a gaban kowa ya faɗa. In aka tono, mu za a yi ta kira, mu masu 'ya'ya a makaranta. Yanke abinka." Ihu bayan hari ke nan. Ranar da ƙofa ta rufu aka kawo shayi, ranar ce kasuwata ta ci, na tsaya gaisuwa har ta watse.

Na yanke. Almakashin nawa ma dakushasshe ne, ado kawai, sai da kowa ya gama nasa ina ta ciccije ƙyalle kamar akuya.

Baƙaƙen motoci suka gangara. Yaya Bongsik ya hau kan bamba yana kwance wa tara furanninta. Tsofaffi suka kewaye bencin suna taɓawa da bayan hannu, kamar masu duba zazzaɓin jariri. Goggo Malsun ta ce ɗumin ya yi daidai, ba zafi ba sanyi, ga shi ruwan bana ya hana barkonon ƙarshe bushewa. Ba wanda ya yi shawara da wani. Kowace ta juya kekenta, kafin wani lokaci sun dawo da kwanduna, sun shanya jan barkono daga wannan ƙarshen benci zuwa wancan. A samansu allon lantarki yana ta walƙiya, yana sanar da cewa babu motar da ke tafe. Tunda nake, ban taɓa ganin allon hukuma ya faɗi gaskiya haka ba.

Ni kuwa na zube a kan bencin ban duba ba. Na ji wani abu ya fashe a ƙarƙashina, ɗumi na ratsa wando. Kaka ta zo ta tsaya a kaina. Na buɗe baki zan ba ta haƙuri, na fara da cewa sanyin bana da alama zai yi tsanani, sai ta ɗaga mini hannu.

"Ka ga irinta ko? Ni na koya maka ladabin shiga gidan manya. Ban san shagon 'yan kasuwa za ka ba, da na koya maka ciniki." Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta. "Ba inda za ni. Ranar kasuwa ka hau da wuri, ka zo da bayanka, shi ne lamba tara yanzu. Ranar allura kuma ni ce kayan. Tashi mini daga kan barkono, Attajiri."

Ashe har sunan ya hau tsauni. A tara ya hau, ba shakka.

Muna gangarowa a motar, ni a tsaye don kada in ɓata kujerar da na wanke, saƙon Manaja Pyo ya shigo wayoyinmu tare. Gobe bayan motsa jiki kowa ya tsaya a fili, akwai maganar iyali. Wani zaɓen ya ƙarato. Malama Yeom kuma ta riga ta yi mini albishir cewa sabon albashina ya kai a cire masa haraji, don haka wannan karon duk abin da na tura zai dawo mini cas. Kun ga ci gaba. Na bar sahun masu bayarwa, na shiga sahun mutanen kirki masu kyauta da abin da ba nasu ba.

In hanya ta kawo ku Solmae, ku taho da takalmin tafiya. Ku shiga rumfar ku huta, ba a biya. Ƙarshen benci na hagu nawa ne, gwargwadon abin da dubu ɗari za ta saya, wato wajen rabin mazauni. Na ba ku aro, amma ku duba kafin ku zauna. Wanda kuma ya san abin da ke fitar da jan barkono daga wandon ulu, ya taimaka ya gaya mini kafin uban amarya ya ce in juya ya gani.